Lambar da ta ƙaryata hasashen Fermat

A shekarar 1640 wani lauya ɗan ƙasar Faransa, Pierre de Fermat, wanda ya shahara a fannin lissafi, ya rubuta wa abokansa cewa yana kyautata zaton ya gano hanyar samar da lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ba a iya raba su daidai sai da ɗaya ko da kansu.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. A fara da 3, a cire ɗaya, a ninka abin da ya saura da kansa, sannan a ƙara ɗaya, sai a sami 5. Idan aka ci gaba da haka za a sami 17, sai 257, sai 65,537. Dukkan waɗannan biyar ba sa rabuwa. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297, wato miliyan dubu huɗu da ɗoriya, kuma Fermat ya ɗauka ita ma haka take, ko da yake ya amince bai kammala hujjarsa ba.

Sai bayan shekaru 92, a 1732, Leonhard Euler, ɗan ƙasar Switzerland da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, ya nuna cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6,700,417 ne. Daga bisani ya bayyana cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba ta, tilas ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Da wannan ƙa'ida, gwaji biyar kawai ake bukata: 193, 257, 449, 577, sai 641.

Masana na sanya wannan lamba a rukunin waɗanda aka gina da marasa rabuwa guda biyu kacal, domin 641 da 6,700,417 ba sa rabuwa. Saboda haka lambobi huɗu ne kaɗai ke raba ta: ɗaya, da waɗannan biyun, da ita kanta. Irin wannan rukuni ne ginshiƙin tsarin RSA mai kare asirin saƙonni a intanet, sai dai lambobin da ake amfani da su a can suna da ɗaruruwan alƙaluma, yadda gano tubalansu ke gagarar kwamfuta.

Idan kuma aka cire mata ɗaya, za a sami 4,294,967,296, adadin adireshin da tsarin intanet na IPv4 ke iya ɗauka, waɗanda babban rumbunsu ya ƙare a watan Fabrairun 2011.

Tun daga zamanin Euler, an tabbatar da cewa lambobi 27 da ke biye da ita a jerin duk suna rabuwa. Har yanzu ba a sami wata marar rabuwa a cikin jerin ba bayan biyar ɗin da Fermat ya sani, kuma babu wanda ya tabbatar ko akwai ta shida.