Garkuwar da Kan Juyo Kan Mai Ita

Yaro ya kwana da zazzaɓi, maƙogwaro ya yi ja, haɗiyar yawu ta gagara, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Galibin irin wannan ciwo bairos ne ke kawo shi, amma wani kaso aikin bakteriyar sitreftokokas ne ta rukunin A, bisa rabe-raben da Rebecca Lancefield ta fitar a 1933 a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York. Jikin wannan ƙwaya lulluɓe yake da wani furotin mai suna M, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta. Kaluluwar nan da ta kumbura kuwa, can ake horon mayaƙa. Ƙwayoyin garkuwa nau'in B da suka gane furotin ɗin suna samun tallafin 'yan uwansu nau'in T, su hayayyafa, masu riƙo da ƙarfi su rayu, masu sako-sako su mutu. Da fari antibodi nau'in IgM ke fitowa daga ƙwayoyin B ɗin, bayan makonni IgG ya biyo, ya manne wa ƙwayar, ya zama shaidar da fararen ƙwayoyin jini ke bi su cinye ta.

Sai dai yawan antibodi daban, kariya daban. Furotin M ya haura iri 200, kuma antibodin da ya san iri ɗaya sau da yawa ba ya gane ɗan uwansa, shi ya sa yaro kan sha wannan ciwo bana, ya sake sha baɗi. Gwajin ASO da ake yi a asibiti shaida ce kawai cewa ƙwayar ta ratsa jiki kwanan baya, ba ya nuna an tsira. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wasu sassan ƙwayar sun yi kama da naman zuciya. A jikin wasu yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, mako biyu zuwa uku bayan maƙogwaro ya lafa, sai garkuwar ta rikice ta faɗa wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik, kuma ciwon zuciyar da yake bari yana kashe sama da mutum 300,000 a duniya kowace shekara, akasari a ƙasashe matalauta, har da namu.

Wani zai ce a bar jiki ya yi yaƙinsa, ai da haka yaro ke ƙwari. Maganar ba ta rasa tushe ba: manya ba su cika kamuwa kamar yara ba, kuma shan magani da wuri kan rage antibodin da jiki zai gina wa wannan irin. Amma a auna cinikin. Ribar ita ce kariya daga iri ɗaya cikin ɗaruruwa, abin da aka jingina kuma zuciya ce. Fenisilin na kwana 10, in likita ya tabbatar ƙwayar ce, yana yanke wannan haɗari ƙwarai, kuma har yau ba a ga rukunin A ya bijire masa ba. Yankan belu a wajen wanzami kuwa ko kusa ba ya taɓa ƙwayar, sai ƙarin rauni da zubar jini.

To me ya hana a yi mata rigakafi, tunda 'yar uwarta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ta samu? A can, kwanson sukari ne abin hari, kuma jariri ba ya iya gina masa antibodi mai ɗorewa, sai aka ɗaura sukarin a jikin wani furotin domin ƙwayoyin T su shigo. Dabarar ta ci, Najeriya ma ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2014. Rukunin A ya fi wuya. Wani gwajin rigakafinsa da aka yi a Amurka a shekarun 1960 ya bar wasu yara da zazzaɓin rumatik, hukuma ta hana irinsa a kan mutane daga 1979 har kusan shekara talatin. Masana yanzu suna neman sassan ƙwayar da ba sa canzawa daga iri zuwa iri, kuma ba su yi kama da zuciya ba. Kafin a samu, yaron da zazzaɓin rumatik ya taɓa kamawa sai ya riƙa karɓar allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru.