Kirisantimam, Furen da ke Auna Tsawon Dare

A ƙasashen da sanyi ke tsanani, da zarar Satumba ta kama, yawancin furannin lambu sun fara bankwana. A lokacin ne kirisantimam ke buɗewa, ja da fari da ruwan ɗorawa, har zuwa Nuwamba. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda ake shan furensa a shayi. Daga can ya tsallaka Japan, har ya zama tambarin gidan sarauta. A Faransa kuwa, shi ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba.

Me ke sa shi jinkiri? A 1920, Garner da Allard, masana a ma'aikatar gona ta Amurka, suka gano daga gwajin taba da waken suya cewa wasu tsirrai ba sa fure sai yini ya gajarta. Daga baya aka fahimci cewa duhun dare suke aunawa. Kirisantimam na bukatar duhu na wajen awa 12 ko fiye, ba tare da katsewa ba. Manomin dawa ba baƙo ba ne ga wannan: dawar gargajiya, ko an yi shuka da wuri ko an makara, kusan lokaci guda take fid da kai a ƙarshen damina.

Don haka wanda ya dasa furen a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida ko ta titi ya cuce shi, domin hasken tsakar dare na iya hana shi fure ko ya jinkirta shi. Manoman lardin Aichi a Japan sun mayar da hakan sana'a. Suna kunna fitilu da dare a rumfunansu don su riƙe furen, sai lokacin kasuwa ya ƙarato su kashe.

Aikin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne tsinke kai. Idan tsiron ya kai tsawon santimita 15, sai a sa babban yatsa da manuniya a tsinke ɗan tohon da ke samansa. Abin da ban tausayi, amma daga ƙasan wurin rassa biyu ko uku za su fito, su ma a tsinke su bayan 'yan makonni. A daina a farkon Yuli, don kada a zubar da furen kaka. Tsiron da ba a taɓa ba zai miƙe dogo siriri, iska ta kwantar da shi. Mai son fure guda babba kuma, sai ya cire ƙananan tohon gefe ya bar na tsakiya.

Kirisantimam na son rana ta awa shida da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Saiwarsa ba ta nisa, shi ya sa yake saurin jin ƙishi. A zuba ruwan a gindi, domin jiƙaƙƙen ganye na jawo cuta.

Da yawa kan sayi tukunyar da ta cika da fure a Oktoba su dasa, sanyi ya kashe ta tun saiwa ba ta kama ƙasa ba. Gara a dasa a Afrilu ko Mayu. Idan fure ya ƙare, a bar busassun karan, a rufe gindin da ganye, kuma duk shekara biyu ko uku a tono shi a rarraba bayan sanyi ya wuce.