29 Ga Yuni: Yadda alewar almon ta samu ranar kanta a Amurka

A duk ranar 29 ga Yuni, masu shagunan kayan zaƙi da matan gida a Amurka kan yi bikin wata alewa da ake haɗawa da man shanu, sukari, cakulan da 'ya'yan almon. Ba hutun gwamnati ba ne, ba a rufe ofis ko makaranta. Rana ce daga cikin ɗaruruwan ranakun abinci da 'yan kasuwa da masu sha'awa suka cika kalandar ƙasar da su, inda shaguna ke rage farashi, jama'a kuma su yi ta baje hotunan abin da suka dafa a Facebook da Instagram.

Haɗin alewar ba shi da yawa, amma yana buƙatar natsuwa. Ana narka man shanu da sukari a tukunya, ana juyawa har zafin ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Salshiyos. A nan ne ruwan da ke ciki yake ƙonewa kusan ƙaf, sukarin ya yi ja, ƙamshinsa ya tashi. Wanda ya sauke kafin lokacin zai samu alewa mai danƙo da ke liƙe wa haƙori. Wanda ya yi sake kuwa, ɗaci zai kwasa. Sai a zuba a faranti, a shafe da cakulan, a barbaɗa dakakken almon, idan ta huce a farfasa.

Sunan da ya fi fice a wannan sana'a shi ne Almond Roca, ta kamfanin Brown & Haley da ke birnin Tacoma a jihar Washington. Harry Brown da J. C. Haley ne suka fito da ita a 1923. Kalmar Roca a harshen Sifaniyanci na nufin dutse, saboda taurin alewar. Sai dai abin da ya ɗaukaka ta ba ɗanɗano kaɗai ba ne. A 1927 kamfanin ya soma zuba ta a gwangwani mai ruwan hoda wanda iska ba ta shiga, abin da ya sa take daɗewa ba ta lalace ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka riƙa aika wa sojojin Amurka ita a fagagen daga, daga nan sunanta ya tsallaka teku. A yau tana cikin tsarabar da ake ji da ita a China lokacin bikin sabuwar shekara.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Jihar Kalifoniya ce ke noma kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya, a yankin da fari ke yawan addaba. An ƙiyasta cewa ƙwayar almon guda tana shan kusan lita 4 na ruwa kafin ta nuna. A farin da aka yi tsakanin 2012 da 2016, lokacin da aka tilasta wa mazauna birane rage amfani da ruwa, manoman almon sun sha suka, musamman da yake ba a iya barin gonar itace ta huta shekara guda kamar gonar hatsi. Wasu sun haƙa rijiyoyi masu zurfi har ƙasa ta riƙa zaftarewa a wasu sassan, wasu kuma suka tumɓuke itatuwansu.

Akwai kuma batun ƙudan zuma. Furen almon ba ya 'ya'ya sosai sai zuma ta yi masa barbara, don haka a duk watan Fabrairu manyan motoci kan kwaso amya kusan miliyan 2 daga sassan Amurka zuwa gonakin, a kan kuɗin haya. Masu kiwon zuma da dama sun fi samu daga wannan haya fiye da sayar da zumar kanta.

Mai karatu da ya tashi yana cin kantun riɗi, alewar gyaɗa ko gullisuwa ba zai ga baƙon abu a wannan girki ba, domin dabarar ɗaya ce: a dafa sukari ya kai matsayinsa, a haɗa shi da abin da ƙasa ta bayar. Bambancin yana wajen gwangwani, suna da talla. Tasu ta haura shekara 100 da fitowa, tana kuma yawo a duniya. Tamu har yanzu mafi yawanta a faranti take, a ƙofar makaranta da bakin tasha, inda damina kan sa ta yi laushi kafin a sayar.