Bin Yaɗon Kabewa: Neman Asali a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Kabewa ba ta san iyaka ba. A shuka ta a bayan ɗaki da ruwan farko, kafin a gama maimai ta bi ta ƙarƙashin danga, ta ratsa garkar maƙwabci, ta je ta ajiye ɗanta a gindin rumbun wani gida. Ranar da gardama ta tashi kan ko ta wane gida ce, mata ba sa kai ƙara wurin mai unguwa. Ɗaya ce za ta durƙusa, ta kama yaɗon daga wuyan kabewar, tana ɗaga ganye tana bi gaɓa-gaɓa har ta isa inda aka binne ƙwayar. Ba a fizga, don yaɗo ɗanye ne, tsinkewa yake yi. Ba a kuma tsallake ko taki ɗaya, don a wurin da ka tsallake ne yaɗon wani gida yake shigowa ya sarƙe da naka.

Haka neman asali yake a ƙasar Tasawa da Mayahi. Yau akwai matasa da yawa masu son sanin inda kakanninsu suka fito: ɗalibai a jami'ar Maraɗi, 'yan kasuwar da aka haifa a Kano ko Jibiya, 'ya'yan waɗanda cirani ya kai Agadas da Libiya. Galibinsu da takarda suke farawa, suna zaton akwai wani kundi a ofis da za a buɗe musu a ce ga kakanku na bakwai. Babu wannan kundin. Abin da ke akwai gaɓoɓi ne a warwatse, kuma sai da hannu ake haɗa su.

Gaɓar da ta fi kusa ita ce sunanka. A Turai gida guda yakan riƙe suna ɗaya shekaru ɗaruruwa, mai bincike ya bi shi cikin littattafan coci har ya gaji. Mu a Nijar yaro sunan ubansa yake ɗauka a bayan nasa. A ce kai Sani Isuhu ne. Mahaifinka Isuhu Mamman, kakanka Mamman Garba. Ba a kai hawa uku ba sunan ya sauya kakaf. Wasu na ganin wannan asara ce, ni kuwa ina ganin alfanunsa: kowace takarda, ta haihuwa ce ko ta shaidar ɗan ƙasa ko ta lakwal, gaɓa biyu take ba ka a haɗe, kuma ta biyun ita ce ta farko a takardar da ke gabanta. In ka samu takardu uku, ka riƙe mutum huɗu a jere.

Wahalar tana wajen rubutu. Alƙalamin Bafaranshe ya mai da Umaru Oumarou, Isuhu ya koma Issoufou, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Tasawa kanta ta koma Tessaoua. Sarki Mijinyawa, wanda rikicin sarauta ya fitar daga Maraɗi ya zo ya zauna a Tasawa a ƙarshen ƙarni na 19, a takardunsu Moussignaoua ne. In sarki ya sha wannan, ina ga talaka? A ƙetaren iyaka kuma, makarantun ƙasar Ingilishi sun saba wa yara ɗaukar sunan garinsu, shi ya sa aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Sai ka tarar da wa da ƙane, ciki ɗaya, wannan yana amsa sunan uba da rubutun Faransanci, wancan yana amsa sunan gari da rubutun boko na Nijeriya, kuma babu kwamfutar da za ta gane jininsu ɗaya. Ga laƙabi kuma, wanda yakan cinye sunan yanka ɗungurungum. Kakan da duk gari ya sani da Nomau don an haife shi lokacin noma, ko Tanko don ya biyo bayan mata, ko Cindo mai yatsa shida, wataƙila a littafin haraji Abdu aka rubuta shi.

Daga suna sai gari. A nan ƙasarmu tana da arziki, don da yawa daga ƙauyukanmu sunan mutum suke amsawa: Gidan wane, Garin wane, Rijiyar wane, Zangon wane. Wanda ya fara sare dajin ya gina rijiya, shi ya bar wa wurin sunansa, kuma sau da yawa mai garin yau jikansa ne ko tattaɓa-kunnensa. Gidan Amumun da Sarkin Hausa a gundumar Mayahi, Maijirgi da Hawan Dawaki a ta Tasawa, kowane suna yana ɗauke da labarin da dattawan wurin ke iya ba ka. Amma ka ji shi daga bakinsu, kada ka dogara da taswira. Akwai garin da ake rubutawa Kanembakaché a wata takarda, Kanan-Bakaché a wata. Wanda ya ga rubutun farko kaɗai yana iya ɗaukar kakanninsa ya kai Kanem tun bai tambayi kowa ba.

Duk wadda ta taɓa bin yaɗon kabewa ta san abin da ke ruɗar mutum. A kan hanya yaɗon yakan kafa 'yan saiwoyi a gaɓa, inda ya samu danshi. Ka ja ka ji ya riƙe ƙasa, ka ce ga gindi, alhali zango ne kawai. Yawancin ƙauyukanmu irin wannan saiwar ne, kuma tarihi ya nuna dalili. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa ta Gobir a 1808. Zuriyar sarakunan Katsina suka yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Kusan duk ƙarni na 19 cikin hare-hare aka yi shi, mutane na cunkushe a garuruwa masu ganuwa da shinge. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, gari ya tarar mai kasuwa da jama'a, mahaɗar ayarin Abzin da fataken Katsina da Kano. Sai da yaƙe-yaƙe suka lafa, a farkon ƙarni na 20, manoma suka fantsama cikin jigawa, suka bi Gulbin Kaba suna kafa gidaje nesa da ganuwa. Ƙauye da yawa a Mayahi bai wuce hawa huɗu ko biyar na mutane ba. Saboda haka in an ce maka kakanka mutumin Gidan wane ne, tambayar da ta rage ita ce: shi wanen daga ina ya taso, kuma wa da wa suka biyo shi?

Wani wurin kuma yaɗon wuta ce ta cinye shi. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta iso ƙasar Tasawa. A Ɗankori aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da su, ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. Su an san sunansu da kabarinsu. Mutanen da suka kashe, da matan da suka kwasa, da gidajen da suka watse, babu wanda ya rubuta sunansu. Idan tsoho ya nuna maka wani fili ya ce nan ne kufanmu, ka tsaya ka duba da kyau: tsohuwar rijiya da ta rufta, jeren kuka, fasassun tukwane a cikin gona. Kufai ma shaida ne.

To, ƙidaya fa? Nijar ta yi babbar ƙidaya a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan. Amma abin da hukumar ƙididdiga ke fitarwa lissafi ne, gari kaza mutum kaza. Ba za ka ga sunan kakarka a ciki ba. Wadda ta fi amfani ga mai neman asali ita ce tsohuwar ƙidayar zamanin Nasara, wadda kwamanda ke fita rangadi ya yi ƙauye-ƙauye, ana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya. Tasawa ce mazaunin kwamandan yankin kafin a mai da shi Maraɗi a 1927, kuma abin da ya tsira na rahotannin lokacin yana gidan adana takardun ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Sai dai a tuna don me aka yi ta. Don lanho aka yi ta, da ɗibar soja, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946. Wane uba ne zai jera 'ya'yansa maza gaban mai neman su? An ɓoye yara a rumbu, an rage shekaru, an ƙara shekaru, gidaje sukutum sun tsallaka ƙasar Ingilishi da dare sun dawo bayan an wuce. Rashin sunan kakanka a jerin ba ya nufin ba ya garin. Shekarun ma kintace ne: takardun iyayenmu cike suke da "an haife shi wajen shekara kaza", ga tulin mutanen da aka ba 1 ga Janairu ranar haihuwa.

Ko abin da tafinta Landeroin ya tattara lokacin da tawagar Tilho ke shata iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1909, wanda masana ke komawa gare shi har gobe, a fada ya ji shi. Jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Maƙeri da manomi da mai saƙar tabarmar kaba ba su shiga ba.

Su suna bakin tsofaffi, musamman mata. Namiji yakan ba ka layin uba ya tsaya. Tsohuwa ita ta san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wace goyo aka ba wa. Amma tambayarta sai da dabara. Ka zauna gefen tabarmarta tana ɓarar gyaɗa, ka ce, "Iya, Baba Tsoho wa ya haife shi?" Sai ta kau da kai ta ce, "Kai maigidana, ni zan kama sunan surukina? Mai sunan liman ne, na masallacin yamma." Alkunya ce, kuma ta riga ta ba ka amsa, saura ka je ka tambayi sunan liman. Kada ka ce mata wace shekara. Ka ce kafin yunwa ko bayanta, kuma wace yunwar: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta ji a bakin iyayenta, ko shekarar fara ta 1931, ko farin 1973, ko El Buhari ta 1984 lokacin da aka rufe iyaka. Ka dubi zanen fuskarta kuma, ka tambayi wanzamin gidan, don askar Gobirawa daban, ta Katsinawa daban, ta Tazarawa, mutanen ƙasar Tasawa, daban, kuma galibin yaran yanzu ba a yi musu. Ka lura da wanda take wasa da shi in ya shigo gida. Wasan Bafillace da Babarbare ba a banza yake ba. Ka tambayi sana'ar gidan ta gado, ƙira ce ko fawa ko rini ko farauta. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Annan kwarin Maraɗi, ya nuna yadda dangogi ke tafiya da gadon sana'arsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne inda yaɗo ke sarƙewa. Kowa yana son nasa ya ɓulle a ƙofar fada, ko a Daura wajen Bayajida, ko can Gabas. Maroƙi ya san salsala ƙwarai, ban raina saninsa ba, amma aikinsa ya faranta maka, kuma yana iya ɗaura ka a jikin gidan da kakanka ya yi wa barance kawai. Gaskiya ita ce wasu za su bi su tarar da maharbi mai tsafi, wasu Buzu mai raƙumi da ya yada zango bai tashi ba, wasu kuma baiwar da aka kamo a hari, wadda ko bayan dokar hana cinikin bayi ta 1905 ba ta san hanyar gida ba. Wannan matar ta yi daka, ta yi goyo, ta raini mutanen da suka raine ka. Ban ga dalilin da zai sa a goge ta a maye gurbinta da gimbiya ba. Abin da ya kamata shi ne a riƙe irin wannan sani da mutunci, kada ya zama abin gori a bakin rijiya ko abin hana aure. In tsoho ya yi shiru a wata gaɓa, kada ka matsa. Ka koma wani lokaci, ko ka bi ta wajen gwaggo.

Kuma wannan ba aikin marmari ba ne. Gonaki sun matse a jihar Maraɗi, gado yana ta rarrabuwa, kuma tun da dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, shaidar wanda ya fara sare wuri da wanda aka ba aro tana da nauyi a gaban mai gari da alƙali. Gidan da ya san jerinsa, da wanda ya ba shi labarin, ya fi tsira daga shari'ar da ke raba zumunci.

Littafin ɗalibi guda ya isa, da wayar da ke ɗaukar murya. Kowane mutum a ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, yadda aka rubuta shi da Faransanci, sunan uwarsa da garin da aka ɗauko ta, inda aka binne shi. A ƙasan shafin a sa wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, in bakin biyu sun saɓa a rubuta duka biyun. Sannan a kwafe, a aika wa 'yan'uwan da ke Katsina ko Daura ko Damagaram, don akwai gaɓoɓin da suke can, kuma su ma tsofaffinsu suna da abin da za su gyara.