Garin Tsofaffi A Ƙasar Amurka

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wata unguwa kewaye da katanga, da ana ce da ita Leisure World, yanzu kuwa Laguna Woods. Wani kamfani ya gina ta domin tsofaffi kaɗai.

Cikin shekarar 1981 masana suka aika wa mazaunanta takardar tambayoyi: me ku ke ci, me ku ke sha, yaya ku ke motsa jiki? Mutum kusan 14,000 suka amsa. Aka adana takardun, aka yi ta bin labarinsu. A 2003 likitocin Jami'ar Kalifoniya suka komo, suka nemi waɗanda suka haura 90, suna duba su kowane wata 6.

To, ga abin mamaki. Ƙwayoyin bitamin, waɗanda a ke zuba wa kuɗi, ba a ga sun ƙara wa kowa kwana ba. Amma mai motsa jiki ko da minti 15 kullum ya fi mai zaman kujera daɗewa, mai minti 45 ya fi shi. Haka mai shiga jama'a. Har tsoho mai ɗan jiki ya fi ramamme nisan kwana.

Sai dai a tuna, mutanen nan masu hali ne, ga abinci, ga likita kusa. Ba a auna talaka a wannan lissafi ba.