Ƙumbar teku a bisa tudu

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa hawan duwatsun Adar, wajen Tawa, Keita ko Malbaza? In ka taɓa, wataƙila ka tsinci wani ɗan dutse mai kama da ƙumba ko katantanwa. Ka juya shi a hannu, ka ce: «Mi ya kawo abin ruwa nan, wurin da ko rijiya sai an sha wuya?»

Amsa ita ce, can da, teku ne ya rufe wurin. Shekaru wajen miliyon 60 da suka wuce, ruwan gishiri na kwance bisa ƙasar Adar. In dabbar ruwa ta mutu, sai laka ta rufe ta. Sannu a hankali laka ta ƙanƙare, ɓawon dabbar shi ma ya koma dutse. Irin wannan dutse masana ke ce ma «fosil». Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza, a gindin wannan teku ta taru.

Cikin dabbobin da suka koma dutse, akwai wata da ake kira barakiyofod. Sunan na da nauyi a baki. Mu ce mata ƙumbar fitila, don wasunsu sun yi kama da fitilar yumɓu ta mutanen da. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar gujiya ko goro ba.

Yaya za ka gane ta? Ɗauki ƙumbar kogi ka duba. Ɓawonta biyu daidai suke, kamar tafin hannunka na dama da na hagu. Ita ko ƙumbar fitila, ɓawo ɗaya ya fi ɗaya girma, kamar tukunya da murfinta. Amma in ka ja layi ta tsakiyar ɓawo guda, rabin dama da rabin hagu sai su zo daidai, kamar fuskar mutum. Sau da yawa za ka ga ɗan rami a bakin babban ɓawon. Ta nan ne wata jijiya ke fitowa, dabbar ta kama dutse da ita. Ba ta yawo. Tana buɗe ɓawonta, ta tace ruwa, ta ci ƴan abubuwan da ke ciki.

Wannan dabba tsohuwa ce ƙwarai. Ta bayyana fiye da shekaru miliyon 500 da suka wuce. An daɗe tana cike da gindin teku, kamar yadda gero ke cika gona da damina mai kyau. Masana sun ƙidaya irinta fiye da dubu 12 cikin duwatsu.

Sai wata babbar masifa ta zo, shekaru miliyon 252 da suka wuce. A Siberiya, cikin ƙasar Rasha ta yau, ƙasa ta tsage, ta yi ta aman wuta shekaru dubbai. Hayaƙi ya cika sama. Duniya ta yi zafi, ruwan teku ya gurɓace, iskar shaƙa ta ragu cikinsa. Cikin iri 10 na halittun teku, fiye da 8 suka ƙare. Ƙumbar fitila ta sha wuya sosai, don ba ta iya gudu ta bar wurin da ya lalace. Daga nan ba ta sake komawa yawanta na da ba. Ƙumba da kawa suka yawaita a madadinta. Yau irinta wajen 400 kawai suka rage, yawancinsu cikin ruwa mai sanyi ko mai zurfi.

Ka ga dalilin da ya sa abin da ake tsinta a Adar, mafi yawansa ba ƙumbar fitila ba ne. Tekun Adar ya zo bayan masifar. Amma can arewa, wajen Jado da yammacin Ayar, akwai duwatsun da suka girme su nesa ba kusa ba. Cikinsu ne ake samun ta.

To, in ka tsinci fosil, mi za ka yi? Ga shawara:

1. Kada ka fasa shi, kada ka goge shi da ƙarfe. Wanke shi da ruwa kawai.
2. Rubuta sunan gari, da wurin da ka tsince shi, da ranar.
3. Naɗe shi da takardar tare, ka ajiye cikin gwangwani ko kwali.
4. Nuna ma malamin lakkol ko mai koyar da ku.

Rubutun nan shi ne babban abu. Fosil da ba a san inda ya fito ba, kamar wasiƙa ce da babu sunan mai aikowa. Yanzu da ka iya rubutu, kai ma kana iya taimakon masana.

In wani baƙo ya ce ka sayar masa, yi hattara. Tun 1997 akwai doka a Nijar da ke kare kayan tarihi, ba a fita da su waje sai da izini. Kuɗin za su ƙare a kasuwa ɗaya, dutsen kuwa ya tafi ke nan. In ka je Yamai, shiga gidan tarihi na Bubu Hama, ka ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono cikin ƙasarmu. Don an adana su ne jikokinka za su gan su.

Tambayoyi

1. Mi ya kawo ƙumba bisa duwatsun Adar?
2. Ina bambancin ƙumbar kogi da ƙumbar fitila?
3. Mi za ka rubuta in ka tsinci fosil?