Rabon Aiki a Wata Masaƙa ta Ƙasar Indiya

Masaƙin da muka sani a garuruwanmu shi kaɗai ya ke aikinsa. Shi ke miƙa zare, shi ke jefa ƙoshiya, in zare ya tsinke shi ke ƙullawa. In saƙa ta yi kyau yabo nasa ne, in kuwa ta ɓaci ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. A manyan masaƙu na injuna ba haka abin ya ke ba. Can aikin da mutum ɗaya ke yi an rarraba shi ga mutane da yawa, ko wane da sunan aikinsa, da matsayinsa, da wanda ke bisansa. Wannan rabo shi a ke kira tsarin ma'aikata. Muna so mu nuna yadda tsari ya kan ɗaure hannun ma'aikaci ko ya sake shi, ko da injin bai sāke ba, mutumin kuma bai sāke ba.

A birnin Ahmadabad, cikin ƙasar Gujarat ta Indiya, dā akwai wani babban kamfanin saƙa da a ke kira Calico, na gidan Sarabhai. Sun kafa injuna masu sauya ƙwarƙwaro da kansu, watau in zaren cikin ƙoshiya ya ƙare, injin ya tura wani ba tare da ya tsaya ba. An kashe kuɗi masu yawa, amma yadin da ke fita bai kai abin da a ke tsammani ba, mai aibi kuma ya yi yawa. A shekarar 1953 shugaban kamfanin, Gautam Sarabhai, ya gayyato wani masani, A. K. Rice, daga cibiyar Tavistock ta Landan, domin ya duba.

Ga abin da ya tarar a ɗakin saƙa guda. Injuna 224 ne, ma'aikata 29, ayyuka iri 12. Masaƙa 8 ne. Masu cika ma'ajin ƙwarƙwaro 5. Masu gyara in zare da yawa sun tsinke gaba ɗaya 3. Sa'an nan akwai masu ɗaura sabon zare, da masu kwashe yadi, da manyan makanikai, da mataimakansu, ko wane iri mutum biyu biyu. Sauran biyar kuwa ko wanne ɗakin duka ne nasa: mai kawo ƙwarƙwaro, da mai zuba mai, da mai shara, da mai gyaran ɗan ƙarfen da ke jin ƙarewar zare, da mai kula da laimar ɗaki, gama zaren auduga ya kan tsinke in iska ta bushe, kamar yadda mu kan gani da hunturu.

A takarda wannan rabo ba shi da aibi. An auna aikin ko wa, an ba shi adadin injunan da zai iya. Amma mu yi lissafin da kanmu. Masaƙi ɗaya yana da injuna wajen 30, mai cika ƙwarƙwaro wajen 45, mai gyaran tsinkewa wajen 75. To, 30 ba ta shiga 45 daidai, 45 kuma ba ta shiga 75. Saboda haka iyakar wannan ba ta haɗu da ta wancan ba. Masaƙi ya kan tarar rabin injunansa na hannun wani mai cikawa, rabi na hannun wani. Mai cikawa kuwa yana yi wa masaƙa biyu ko uku aiki, in duk suka kira shi a lokaci ɗaya ba wanda ya gaya masa wa zai fara zuwa. In inji ya tsaya, ko wa yana da hujja, hujjar kuwa ta gaskiya ce. Mutum 29 suna dogara da juna, amma ba wasu mutum biyar ko shida da za su iya cewa, waɗannan injuna namu ne. Sai duk wata 'yar gardama ta hau wurin shugaba, shi kuwa ba ya iya zama ko ina a sa'a ɗaya.

Shawarar Rice ba ta taɓa injuna ba ko kaɗan. Cewa ya yi a ɗauki ƙungiya ƙarama, a ba ta injuna ƙididdigaggu, ta ɗauki nauyinsu duka, saƙa da cikawa da gyara. Abin mamaki, da aka bayyana wa ma'aikata, ba su jira an gama shawara a ofis ba. Su da kansu suka zaɓi abokan aikinsu, suka shirya ƙungiyoyi. Aka tsaya a kan mutum 7 ga injuna 64, da shugabansu a cikinsu. Aka rage matsayi ya koma hawa uku, aka kuma ɗaura wani kashi na lada a kan abin da ƙungiya duka ta saƙa.

Ba a dace nan da nan ba. Da fari yadi ya ƙaru, amma mai aibi ma ya ƙaru, domin ƙungiyoyi sun ƙi tsai da injuna a yi musu gyara, suna ganin tsayawa hasara ce. Sai da aka tsai da lokacin gyara, aka ba su damar koyon aikin juna, kāna abu ya daidaita. A masaƙa, in an ce inji ya yi 100 cikin 100, watau bai tsaya ba ko sau ɗaya. Dā waɗannan injuna suna yin wajen 80, sai suka kai wajen 95. Yadi mai aibi kuma ya sauko daga wajen 32 cikin 100 zuwa wajen 20. A ɓangaren da ba a sāke tsari ba, abin ya zauna kusan yadda ya ke.

A ganinmu ƙarin lada kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba. Abin da ya fi nauyi shi ne, yanzu in injin wani ya tsaya, na kusa da shi ya san nasa ne ya tsaya, ba ya kuma jiran izini kafin ya sa hannu. Rice ya rubuta labarin duka cikin littafi a 1958.

A 1970 wani abokin aikinsa, Eric Miller, ya koma Ahmadabad ya ga abin da ya rage. Ya tarar a wani ɗaki ƙungiyoyi suna nan da ƙarfinsu bayan shekaru fiye da 15, a waɗansu kuwa an koma kusan tsohon rabo, ko wa da nasa injuna.